Yadda muka maida adashenmu ƙungiya mai rajista, da rigimar kason unguwa

Adashe dai kowa ya san shi, ki yi ta zubi ranar kwasarki ta zo ki ɗauka ki sayi katifa ko ki rage kayan ɗakin 'ya, shikenan kuɗi sun tafi sai a sake sabon zagaye. Mu ma haka muka yi ta yi shekara da shekaru a unguwarmu nan cikin birnin Zariya, kuma kusan duk matan da ke cikin adashen sana'arsu ɗaya ce, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kowa a gidanta da kaskonta da turminta. Abun da ya fara girgiza mu wahalar kuɗin nan ce ta farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, uwar adashe ta rasa yadda za ta yi, wasu na turo tiransifa a akawun ɗin ɗanta wasu na kawo tsofaffin kuɗi lissafi duk ya cakuɗe, ba mu gama farfaɗowa ba kuma a ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin niƙa a inji ya tashi kuɗin napep ya tashi, tiyar gyaɗa kuwa ba a magana. Mai sayen tiya biyar ta koma uku. Sai muka ga in kowa za ta ci gaba da sayen tiya-tiya a hannun 'yan sari to jarin kowa narkewa zai yi, gara a haɗa kuɗi a sayi buhu, amma kuma haɗa kuɗi masu yawa a ajiye a ƙarƙashin gadon mutum ɗaya shi ma wani tashin hankalin ne.

Ni aka ɗora wa rubuce-rubucen saboda ni ce mai NCE a cikinsu, ina koyarwa a wata firamare, toh tun daga ranar sunana ya koma sakatariya.

Da farko ɗan yayata da ke aiki a wani shagon kwamfuta a unguwar PZ cewa ya yi mu je CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, kawai, wai shi ne rajista. Da na zauna na bi abun a hankali sai na ga hanya uku ce a gabanmu. Akwai rajistar sunan kasuwanci a CAC, ita ce mai sauƙi, amma ta fi dacewa da mutum ɗaya ko 'yan abokan haɗin gwiwa, mu kuma mun haura ashirin. Akwai ta ƙungiyoyin taimakon al'umma mai amintattu, ita kuma sai an buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan babbar matsalar ba a raba riba a irinta, mu kuwa wallahi ribar muke nema, ba za mu yi wa kowa ƙarya ba, akwai zawarawa a cikinmu akwai masu riƙe da marayu. Ta ukun ita ce ƙungiyar gama kai, wadda ake ce wa kwafaretib, ita ba a CAC ake yinta ba, a hannun gwamnatin jiha take, doka ta ce mutum goma aƙalla, kowace mamba ƙuri'arta ɗaya ko nawa ta zuba, ana kasuwanci ana raba riba kuma ana iya ware wani abu a yi wa jama'a aiki. Da na karanto masu wannan a tsakar gidan Hajiya shugabarmu sai kowa ta ce ai ita ce tamu.

Kafin takarda akwai maza. Duk wadda ta san cikin birni ta san mata da yawa ba fita suke ba sai da dalili, don haka Hajiya ba ta yarda mun taka ko'ina ba sai da ta sa maigidanta ya je ya sanar da mai unguwa, shi kuma ya yi wa mazan magana a masallaci bayan la'asar. Wasu sun yarda nan take, wasu sai da suka ji cewa mitin a gidan Hajiya ne ranar Asabar da hantsi kuma ba namiji ko ɗaya. Mutum biyu dai har yau ba su bar matansu ba, gyaɗa kawai muke aika masu su soya mana a biya su ladan aiki.

Takardun da aka nema ba wasu masu wuya ba ne, tara su ne aiki. Wasiƙar neman rajista, jerin sunayen mambobi da adireshi da sa hannu, rubutaccen bayanin taron da aka kafa ƙungiya aka zaɓi shugabanni, dokokin ƙungiya, katin shaida da fasfo na shugabanni, sai kuɗin rajista, shi kuma ko sisi kika biya ki karɓi risit ki adana. Mu ta sakatariyar ƙaramar hukuma muka fara tambaya aka haɗa mu da jami'in da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi, daga nan takardu su wuce Kaduna. Fasfo ɗin kam dariya muka sha, ba wadda za ta je gidan hoto, sai 'yar Hajiya ta rataya farin zanen gado a igiyar shanya ta riƙa ɗaukar kowa da waya, Goggo ma'ajiyarmu ta ƙi sakin fuska wai hoton gwamnati ba a dariya, iska na kaɗa zanen ana riƙe shi da hannu ta baya, a hoton ɗaya ma yatsun mai riƙon sun fito. Wajen sa hannu kuma fiye da rabi dangwale suka yi, wasu suka rubuta sunansu da ajami, jami'in ya ce duk ya yi.

Inda aka daɗe shi ne dokokin ƙungiya. An ba mu samfuri da Turanci, ina iya cike guraben kawai a wuce, amma Hajiya ta ce a'a Malama, ki karanta mana layi-layi da Hausa, abun da ba mu ji ba ba za mu dangwala ba. A nan muka ji cewa doka ta wajabta duk ribar shekara a cire kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye a asusun ko-ta-kwana na ƙungiya, ba a taɓawa. Tun a nan aka fara gunaguni. Ana cikin haka Hajiya ta kawo nata, wai bayan wannan a sake cire kashi 10 cikin 100 a ware don lafiyar matan unguwa, ko 'yar ƙungiya ce ko ba 'yar ƙungiya ba, shi ne muke ce wa kason unguwa.

Goggo ta ajiye maficinta ta ce, Hajiya ki yi haƙuri, mu da muke neman na cefane mu ne za mu buɗe gidan sadaka? Hayaƙi mu sha, bayanmu ya ƙage wajen juya tunkuza, sannan wadda ke kwance a ɗaki tana kallon fim a waya a ɗauki guminmu a kai ta asibiti? Kuma fa gaskiya da yawa ra'ayinsu kenan, ita ce dai mai bakin faɗa.

Hajiya ba ta yi wa'azi ba, tambaya ta yi. Ta ce Goggo, bara da naƙuda ta kama matar mai gyaran rediyon nan da tsakar dare wa aka buga wa ƙofa? Goggo ta ce ni. Nawa kika bayar? Ta faɗa. Ke fa Inna? Ita ma ta faɗa. Aka zagaya sai ga shi kusan kowa ta bayar, wata ma jarinta na gobe ta kwance daga bakin zane ta miƙa, washegari ba ta yi suya ba. Hajiya ta ce toh kun gani, dama can muna bayarwa, sai dai muna bayarwa a firgice cikin dare bayan an ɓata awa guda ana bin gida-gida ana neman kuɗin mota, ni cewa na yi mu bayar da rana tsaka muna zaune. Ni dai a wurin na gane ba wani sabon nauyi take ɗora mana ba, tsari kawai take nema, kuma har yau ina ganin wannan maganar ita ce ta kafa ƙungiyar, satifiket ɗin daga baya ya biyo.

Goggo ba ta sauka haka kawai ba, kuma gara da ba ta sauka ba, don ita ce ta sa aka yi wa kason iyaka. Ta ce in dai za a yi to a rubuta abun da zai yi da abun da ba zai yi ba. Aka rubuta: kuɗin mota zuwa asibiti ga mai naƙuda ko yaro mai zazzaɓi mai tsanani, kati da gwaje-gwajen farko na awon ciki ga wadda ba ta da hali, sai gudunmawa in an nemi jini ko an rubuta magani na gaggawa. Ba biki ba suna ba anko, ba gudunmawar ta'aziyya, ba rancen jari, waɗannan kowa ta yi daga aljihunta kamar yadda aka saba. Mutum biyu ne za su amince kafin a fitar, in dare ne a fitar da safe a rubuta. Muka kuma yi magana da wani mai napep ɗan unguwa mai hankali, lambarsa na wayar kowa, in an kira shi ba ciniki ba jayayya, ya kai asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, in abun ya fi ƙarfin nan aka tura asibitin koyarwa na Shika ya wuce da su, ƙarshen wata a biya shi.

Ni ma na cusa tawa dokar, da yake a aji nake ganin abun da idona: kayan ƙungiya ba yarinyar da za ta ɗauka talla a lokacin makaranta, boko ko islamiyya. An ɗan ja, don mace mai kulle 'yarta ce ƙafarta, in kin ce kar ta fita to wa zai sayar? Sai da muka yarda cewa sayarwa ta koma wuyan ƙungiya gaba ɗaya, a sari ba ɗai-ɗai ba, sannan dokar ta wuce.

Sai maganar kuɗin ruwa. Samfurin da aka ba mu akwai wurin da za a rubuta nawa za a ɗora a kan rance, matan nan kuwa ko ji ba sa son yi. Aka aika aka tambayi malami, muka dawo muka rubuta cewa rancenmu ba ƙari, abun da kika karɓa shi za ki biya, amma sai kin kawo mutum biyu cikin mambobi su tsaya maki kuma ba za ki karɓi fiye da abun da zubinki zai iya ɗauka ba. Jami'in bai hana ba. Ya zo har gidan Hajiya ya zauna a zaure, aka miƙa mashi littattafanmu ya duba, ya yi wa shugabanni tambayoyi ta bayan labule, ya ce littafin kuɗi daban littafin taro daban kar mu haɗa. Bayan nan jira ne kawai da bibiya a waya har satifiket ya fito, Hajiya ta sa aka yi mashi leda aka rataye a falonta.

Banki kuma ya fi rajistar cin rai. Mun zaɓi wanda ba ya harkar ruwa, dama tun 2012 da Jaiz ya fara aiki mutanenmu suka san akwai irin wannan, yanzu ma sun ƙaru. Ana son satifiket, dokoki, takardar shawarar taro cewa an amince a buɗe asusu, da BVN da NIN na masu sa hannu. A nan aka maƙale, sunan Goggo a BVN da sunan mahaifinta yake a katin ɗan ƙasa kuma da na mijinta, shekarar haihuwa ma kowanne da tasa, kuma wannan ba ita kaɗai ba ce, mata da yawa haka takardunsu suke don wani ne ya cike masu fom ya rubuta abun da ya ga dama. Duk mai shirin yin irin namu ta fara duba wannan tun kafin zaɓen shugabanni. Mu dai sai da aka yi takardar rantsuwa a kotu aka je gyara, ana ta kai-komo. Masu sa hannu uku ne, dole biyu su sa kafin kuɗi su fita, alat kuma wayata yake shigowa, duk mitin sai na karanta shi da ƙarfi kowa ta ji, ko cajin banki ne sai na faɗa.

Aikin kansa bai canja sosai ba, saye da sayarwa ne suka canja. Da kaka muke sayen gyaɗa buhu-buhu, ƙanin Hajiya ke zuwa mana kasuwar Giwa, a ajiye a ɗaki a kan katako ba a ƙasa ba. Kowace mace a auna mata tiyoyinta ta tsince ta soya ta murje ta fece, a kai inji a markaɗo, ta zuba a turmi tana ɗiga ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso, ta matse tunkuzar ta murza ƙuli ta soya. Ana biyanta ladan aiki a kan kowace tiya nan take, riba kuma sai ƙarshen shekara. Masu sana'ar sun san mai uwar kuɗi yake maidowa, ribar a ƙuli take, shi ya sa muka fi matsawa wajen neman masu sayen ƙuli. Wata ma'aikaciyar gona da ke Samaru, ƙawar yayata ce, ta zo ta yi mana bayani a kan gyaɗar da ta yi funfuna, ta ce akwai guba a ciki mai suna afulatoksin da ke lalata hanta kuma suya ba ta kashe ta, ga shi a ƙuli ta fi taruwa. Da can mai baƙi-baƙin nan da mai ɗaci wasu ba sa zubarwa, a ganinsu asara ce. Yanzu tsinta doka ce, Inna ce mai duba tire, in ta ga ba ki tsince da kyau ba ta maido maki ko ke wace ce. Ita ma'aikaciyar ce kuma ta ce mu riƙa tambayar irin SAMNUT da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, akwai masu mai sosai a ciki.

Toh maganar tallafi, wadda ita ce ta sa da yawa ke rububin rajista. Satifiket ɗin na fitowa masu kawo fom suka fara sallama, wai ku kawo kaza a saka sunanku za a ba kowace mace jari daga Abuja. Hajiya amsarta ɗaya ce, mai ba ka kuɗi ba ya fara karɓar naka. An kuma taɓa gayyatarmu wani taro aka jera mu da anko aka ɗauki hoto da kwalayen taliya, muka dawo ko kuɗin napep bai fita ba. Na kuma cike fom ɗin wata gidauniya ta ƙasar waje da ke tallafa wa sana'o'in da mata baƙaƙen fata ke jagoranta don amfanin al'ummarsu, duk da Turanci a intanet, sai imel sai bidiyo na minti biyu, suna tambayar mutum nawa suka amfana kuma ina shaida. Ba mu samu ba, amma na lura da abu ɗaya, duk tambayar da suka yi amsarta na cikin littafin kason unguwa da Goggo ta matsa a riƙa rubutawa. Abun da ya dame ni da irin waɗannan fom ɗin shi ne macen da ta fi cancanta ita ce ba za ta taɓa ganinsa ba, in ba ta da 'yar boko a kusa da data a waya shikenan an wuce ta.

Abun da ya riƙe mu har yau ciniki ne. Wata mai abinci a Samaru kusa da jami'a tana ɗaukar jarka duk sati, masu ƙosai biyu a Tudun Wada, sai masu tsire a Sabon Gari da ke sayen garin ƙuli, su ne ma suka fi biya a kan lokaci. Ni a wurina mai son taimakon irin wannan ƙungiya ya saya kullum ya biya a take, ya fi mana kyautar rana ɗaya nesa ba kusa ba, don da cinikin da ka san zai dawo ne kake iya lissafin buhu nawa za ka saya da kaka. Masu kashe mu kuwa 'yan uwa ne da abokan arziki, a ɗauki galan a ce sai albashi, in kin tambaya a ce haba bashi hanji ne. Yanzu mun rubuta, ba bashi sai ga dillalin da ya saba kuma sai ya biya na baya. Na taɓa ba su labarin matan Lijjat na Indiya, su bakwai suka fara a Bombay a 1959 da rancen rupi 80 suna murza wata 'yar waina busasshiya da suke ci da abinci, kowa na aikinta ana haɗawa a sayar da suna ɗaya, yau dubban mata ne a ciki. Goggo ta ce toh su wa ke cin bashinsu? Aka kwashe da dariya.

Rabon farko ba wani abun a zo a gani ba ne, bayan an cire na ko-ta-kwana an cire kason unguwa abun da kowa ta samu bai kai kwasar adashe ba, wasu fuskarsu ta nuna, mutum uku ma suka karɓi zubinsu suka fita, ba a yi faɗa ba dai. Amma a shekarar ba wanda ya bi gida-gida da dare neman kuɗin mota, kuma matan da da sai ciki ya tsufa suke zuwa awo, ko ma ba sa zuwa, yanzu ungozomar unguwa ce ke turo mana su tun da wuri.

Yanzu rigimar da ke gabanmu biyu ce kuma kuɗin ba za su isa duka ba. Matasan cikinmu na son a kama ɗaki daban a gyara shi a nemi lambar NAFDAC, don manyan shaguna ba sa karɓar mai a kwalba sai da ita, kuma wannan sai an zo an duba wurin aiki, ga dokar saka sinadarin bitamin A a man girki, ba abun da za a yi a tsakar gida kusa da akurkin kaji ba ne. Manya kuma injin matsar mai suke so, su dai bayansu ya huta. Hajiya ta ƙara ta uku, wai a bincika ko kason unguwa zai iya saka ko da zawarawa biyar ne a inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, maimakon a jira sai ciwo ya zo. An ce in je in tambayo nawa ne kuɗin shekara da asibitocin da suke karɓa a nan Zariya, in kuma samo farashin injin a Sabon Gari da na Kano, ranar Asabar mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a, Goggo dai ta riga ta faɗa ita inji za ta zaɓa.